Man likita ko ƙullin mai magani: yadda na bi da ɗaukewar al'adata

Ina da shekara 48 al'adata ta fara rikicewa. Wani watan ta zo da wuri, wani watan ta yi jinkiri, wani lokaci ta ɗauke wata biyu cur sannan ta dawo da yawa har ta wuce kwanakin da na saba tun ina budurwa. Abin da ya fara tayar mini da hankali sallah ce. Na rasa ranar da zan yi wanka da ranar da zan jira. Na kai maganar wurin malamarmu ta Islamiyya, ta yi mini bayanin istizhari: in ƙara kwana 3 a kan mafi tsawon kwanakina, muddin jimillar ba ta haura kwana 15 ba, abin da ya biyo baya jinin ciwo ne, in yi wanka in kama sallata. Da za mu rabu ta ce, "Malama, shekarun ne suka ƙaraso, kowace mace sai ta bi ta nan." Ita ce mutum ta farko da ta taɓa yi mini maganar ɗaukewar al'ada, ni da na daɗe ina koyarwa a makarantar sakandare a Kano, na kuma haifi 'ya'ya biyar.

Sai zafin ya biyo baya. Yakan taso daga ƙirji ya hau wuya da fuska kamar an zuba mini garwashi a riga, ya yi 'yan mintoci, zufa ta karyo, sannan sanyi ya kama ni har in nemi mayafi. A bazara ban gane ba. Wanda ya san Kano a watan Afrilu, ga zafi yana kaiwa digiri 40, ga NEPA babu wuta, ba zai yi mamakin ganin mace tana fifita da gefen hijabi ba. Sai da hunturu ya kama, kowa a gidan ya shige bargo, ni kuwa ina tashi tsakar dare rigar barcina sharkaf ina canza zanin gado, sannan na tabbata daga jikina abin yake fitowa.

Barci ya ƙaurace mini. In na farka ƙarfe biyu, idona biyu har kiran assalatu. Gabana yakan faɗi ba dalili, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. A tsakiyar darasi sai kalmar da na sani sarai ta ɓace mini, in tsaya da alli a hannu ɗalibai suna kallona. Na zama mai saurin fushi, gwiwoyina suna ciwo in na tashi daga sujada. Akwai kuma wanda muke jin nauyin faɗa, ni dai zan faɗe shi domin shi ya fi ci wa mata da yawa tuwo a ƙwarya: ni'ima ta ɗauke, gaba ya bushe, kwanciyar aure ta koma azaba, ga fitsari mai zafi da yake tafiya yana dawowa, wanda kowa ke ce wa sanyi.

A kemis na fara, kamar kowa. Zafin jiki da zufar dare da ciwon gaɓoɓi, a garin nan sunansu maleriya da taifot. An ɗebi jini, an ce akwai taifot, na sha ƙwayoyi, an yi mini allurai, har ƙarin ruwa. Ba abin da ya canza. Goggona da ta ji labarin faɗuwar gaba da rashin barci ta ce iska ce, a yi ruƙiyya. Aka yi, kuma karatun Alƙur'ani ya sanyaya mini zuciya ƙwarai, har yau ban bar azkar ɗina na safe da yamma ba. Amma zufar dare tana nan daram.

Daga nan na koma wa magungunan gida, na kuma daɗe a kansu. Ina so in yi musu adalci, domin ba ɗaya suke ba, kuma kuskure ne a zuba su a kwando guda a ce duk na gargajiya ne.

Kashi na farko abinci ne da muka sani. Zogale a kwaɗo da a miya, riɗi, dabino, zuma, hulba da nake jiƙawa in sha ruwan, habbatus sauda da man zaitun, zoɓo marar sukari. Waɗannan na san sunansu, na ga ganyensu da ƙwayarsu da idona. Cikina ya daidaita, na ɗan ji ƙarfi, kuma na fi yarda da su saboda an ci su a gidanmu tun kafin a haife ni. Sai babbar 'yata, wadda ke jami'a, ta zo da labarin waken suya. Ta ce ta karanta cewa yana da wani sinadari mai kama da homon ɗin mata, wato sinadarin da jiki ke samarwa mai tafiyar da al'ada. Na dage da awara da madarar waken suya. Zafin rana ya ɗan ragu, ba zan musa ba. Na dare kuwa bai san ana yi ba.

Kashi na biyu shi ne ƙulli. Wata mai kayan mata da aka haɗa ni da ita ta ba ni tsimi da gumba da wani gari a leda da za a dama da nono, sai kuma matsi. Tsimin da gumbar ba su cutar da ni ba. Matsin kuwa ya ƙona ni, na yi kwanaki ko zama da kyar nake yi. Daga baya na fahimci dalili. Idan homon ya ragu, fatar wurin takan yi siriri ta yi laushi, abu kaɗan ke yaga ta. Abin da jikin amarya 'yar ashirin zai iya ɗauka, jikin mace mai hamsin ba zai ɗauka ba, balle a cusa masa abu mai yaji ko mai ƙara busarwa. Na san mata da yawa sa'o'ina suna can suna matsi a ɓoye don gudun kada maigida ya juya musu baya, suna ƙara wa kansu rauni a kan rauni. Wannan abu yana ci mini rai.

Kashi na uku kwalabe ne masu kyan fakiti da ake tallatawa a WhatsApp da Instagram, an ce daga waje suke, tsantsar itatuwa ne, babu sinadari. Na sayi guda da aka haɗa da wata saiwar Amurka mai suna bilak kohosh. Kuɗinta ya fi na duk sauran a haɗe. Na shanye kwalba biyu, makon farko na ji kamar da sauƙi, daga baya komai ya koma yadda yake.

Ina cika shekara 50 al'ada ta riga ta ɗauke fiye da shekara guda. Rashin barci ya kai ni inda na fara tunanin ajiye aiki. Wata abokiyar aikina ce ta ce in daina zagaye, in je sashen likitocin mata. Likitan farko da na gani matashi ne, layi ya yi masa yawa, ko ɗago kai bai yi sosai ba. Ya ce, "Hajiya, girma ne, sai haƙuri," ya rubuta mini farasitamol da bitamin. Na fito ina hawaye. Haƙuri ba baƙonmu ba ne, da shi muka yi aure, da shi muka haihu. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Na sake yankar kati, na roƙi a haɗa ni da babbar likita mace.

Ita wannan sai da ta ajiye biro ta saurare ni har na gama. Sannan ta fara tambaya. Yaushe na ga jini na ƙarshe? Na taɓa ganin ɗigo bayan nan? Akwai wadda ta yi sankarar mama a ɗakinmu, uwa ko 'yar'uwa? Jini ya taɓa daskare mini a ƙafa ko a huhu, ko da a lokacin goyon ciki? Ciwon hanta fa, ko ciwon zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki? Mahaifata tana nan ko an cire? Na ɗauka za ta aika ni gwajin homon, sai ta ce mace da ta haura 45 da irin waɗannan alamu ba ta buƙatarsa, alamun sun isa shaida, kuma a wannan zangon homon ɗin hawa da sauka yake yi, gwajin yau zai iya saɓa wa na gobe. Abin da ta sa a gwada shi ne hawan jini, sukari, yawan jini, hanta, da tayirod, wata halitta da ke maƙogwaro wadda in ta yi aiki fiye da kima takan kawo zufa da bugun zuciya irin waɗannan. Ta tura ni hoton mahaifa, hoton mama da ake ce wa mamogiram, da gwajin bakin mahaifa. Ta ce ranar da zan dawo in zo da duk abin da nake sha, har ƙullin leda.

Na koma da jaka guda. Ta jera su a tebur, ba ta yi mini dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ture zogale da riɗi da dabino gefe ta ce abinci ne, in ci gaba. Ta ce zoɓo yana ɗan saukar da hawan jini, hulba tana ɗan saukar da sukari, don haka mai shan maganin waɗannan cututtuka ta sanar da likitanta. Kan waken suya ta ce 'yata ta yi gaskiya, akwai sinadarin, sai dai ƙarfinsa kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da homon ɗin jiki, kuma cikin wasu mata yana iya sarrafa shi zuwa nau'in da ya fi aiki, na wasu ba ya iyawa. Shi ya sa wata za ta rantse ya yi mata, wata ta ce ba ta ga komai ba, kuma duk gaskiya suka faɗa. Kwalbar bilak kohosh kuwa ta ce da aka tattara binciken da aka yi a kanta ba a samu hujja mai ƙarfi cewa ta fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba, kuma a Ingila tun 2006 aka sa a riƙa rubuta gargaɗin ciwon hanta a jikin fakitinta.

Sai ta ɗaga garin ledar ta ce, "Hajiya, mene ne a cikin wannan?" Na ce ban sani ba. "Nawa ake sha, kuma wa ya auna?" Nan ma shiru. Babu suna, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa. Ta ce ba ta cewa guba ne, amma in hantata ko ƙodata ta samu matsala gobe, ba ta da inda za ta fara dubawa. Tun daga ranar na daina raba magani gida biyu, na Bature da na gargajiya. Abin da nake tambaya yanzu shi ne, an san abin da ke ciki, an san adadin da ake sha, an kuma bibiyi waɗanda suka sha an ga abin da ya same su?

Ta kuma warware mini wani abu da ya daɗe yana ɗaure mini kai, wato me ya sa kowane sabon magani yakan yi mini aiki a makon farko. Ta ce a binciken tasowar zafi, matan da aka ba ƙwayar da ba komai a cikinta su ma zafinsu yakan ragu, wani lokaci har kusan rabi. Sa rai yana da tasiri a jiki, kuma shi kansa zafin zuwa yake yi yana lafawa. Saboda haka shaidar maƙwabciya, duk da gaskiyarta, ba ta isa a gina hukunci a kanta ba.

Daga nan muka shiga maganar homon. Ta zana mini a takarda. Gidan ƙwan mace shi ke samar da homon biyu, istirojin da furojestaron. Tsakanin shekara 45 da 55 yawancin mata ƙwan yakan ƙare, istirojin ya faɗi, sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki ya rikice ya riƙa ɗaukar ɗan ɗumi a matsayin zafi mai tsanani, sai ya buɗe jijiyoyin fata ya saki zufa. Shi wannan istirojin ɗin ne kuma ke riƙe da danshin gaba da ƙarfin ƙashi. Maganin mayar da homon yana maido da kaɗan daga abin da ya ragu, kuma a cikin duk abin da aka gwada shi ya fi rage tasowar zafi, da kamar kashi 75 cikin 100. Na tambaye ta in na daure, yaushe abin zai wuce da kansa. Ta ce wani dogon bincike a Amurka da aka fitar da sakamakonsa a 2015 ya nuna matsakaicin tsawonsa ya haura shekara 7, a matan baƙar fata na can ma ya kai shekara 10. Na yi lissafin shekara goma ba barci, jikina ya yi sanyi.

Amma ni tsorona sankara. Na gaya mata na ji ana cewa maganin nan kansar mama yake kawowa. Ta ce tsoron yana da asali, ta kuma ba ni labarinsa. A shekarar 2002 aka dakatar da wani babban bincike a Amurka da ake kira WHI, mai mata fiye da 16,000, saboda an ga ƙarin sankarar mama da daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki a waɗanda ke shan homon biyu a haɗe. Labarin ya karaɗe duniya, mata suka watsar da maganin, likitoci suka daina rubutawa. Da aka zauna aka sake duba alƙaluman, sai aka lura matsakaicin shekarun matan 63 ne, da yawansu sun daɗe da daina al'ada kafin a fara ba su, kuma nau'i ɗaya ne na ƙwaya aka gwada. Ƙarin sankarar mama da aka gani mace 8 ce cikin 10,000 a shekara. A ɓangaren matan da aka cire wa mahaifa, waɗanda aka ba istirojin kaɗai, ba a ga ƙarin ba. Abin da masana suka tsaya a kai yanzu shi ne, mace mai lafiya da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, kuma alamun suna wahalar da ita, amfanin ya fi haɗarin yawa.

Ta nuna mini wani jadawali da likitocin Ingila ke amfani da shi. Cikin mata 1,000 masu shekara 50 zuwa 59, a tsawon shekara 5, kimanin 23 za su kamu da sankarar mama ko ba su sha komai ba. Shan homon biyu a haɗe yana ƙara 4. Ƙiba mai yawa tana ƙara 24. Motsa jiki na awa biyu da rabi a mako yana rage 7. Na daɗe ina kallon takardar. Ƙari 4 ɗin nan ba ƙarya ba ne, mata ne masu rai da 'ya'ya, kuma haɗarin yana ƙaruwa gwargwadon daɗewa a kan maganin. Amma ni da nake ɗauke da ƙiba tun haihuwar autana, ashe babban haɗarin yana tare da ni tuntuni, ba wanda ya taɓa tsorata ni da shi. Likitar ta ƙara da cewa alƙaluman na matan Ingila ne, kuma babbar matsalarmu a nan ita ce zuwa asibiti a makare bayan ciwon ya ci jiki, don haka in na amince da maganin, duba mama ya zama dole a kaina.

Sakamakon gwaje-gwajena ya fito. Mama lafiya, bakin mahaifa lafiya, akwai ɗan ƙaramin ƙari a mahaifa wanda ta ce ba zai hana ba amma za a riƙa sa masa ido, jinina kuma ya ɗan hau. Ta ɗora ni a kan maganin hawan jini tukuna, ta ce sai ya daidaita. Saboda hawan jinin da ƙibar ta ce ba ta so in haɗiyi istirojin, ta fi son na shafawa. Wanda aka haɗiya sai ya bi ta hanta, a can yake ƙara sinadaran da ke sa jini daskarewa. Wanda ya shiga ta fata kai tsaye yake shiga jini, ba a ga yana ƙara wannan haɗari ba in an tsaya a adadin da aka saba. Akwai na mannawa kamar filasta, amma da zufar Kano na zaɓi man.

Ban amsa nan take ba. Na koma gida na yi istihara, na zaunar da maigida. Tambayarsa ta farko, ko maganin hana haihuwa ne. Na ce a'a, likita ma ta ce ba ya hana ɗaukar ciki, mace da ba ta gama daina al'ada ba tana iya samun ciki tana kansa. Ta biyu, ya ce ya ji ana yin irinsa da fitsarin doki. Na koma da tambayar. Likitar ta ce gaskiya ne akwai tsohon nau'i, Premarin, da ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki, kuma irinsa aka yi amfani da shi a binciken 2002. Wanda za ta rubuta mini kuwa daga tsiro ake fara haɗa shi, doya da waken suya, a sarrafa shi a masana'anta har ya zama daidai da wanda jikin mace ke yi. Na ce to ai sai in ci doyar. Ta ce jikin mutum ba ya iya wannan sarrafawar, sai a ɗakin haɗa magani. Da na kawo masa amsar ya ce, "Ke kike jin ciwon. In kin natsu, Allah ya sa a dace." Ya kuma faɗi abin da ban zata ba, cewa ya daɗe yana zaton shi na daina so. Shekara biyu muna ɗaki ɗaya, kunya ta hana mu wannan magana.

Ga abin da nake roƙon duk wadda ta karanta wannan ta riƙe. Mace mai mahaifa ba ta amfani da istirojin shi kaɗai. Yana sa shimfiɗar mahaifa ta yi ta kauri, a daɗe ta iya rikiɗewa ta zama sankara. Dole a haɗa shi da furojestaron, ko na haɗiya ko robar mahaifa mai homon irin Mirena. Na faɗi haka ne domin a garin nan kina iya shiga shagon magani ki ambaci sunan ƙwayar istirojin a miƙo miki ba tare da takardar likita ba. Don Allah kada wata ta ji ya yi mini ta je ta saya wa kanta.

Ni tsarin da aka ɗora ni a kai mai sauƙi ne. Da safe bayan wanka in shafa man a cinya in bari ya bushe kafin in sa kaya, in wanke hannu. Da daddare in haɗiyi ƙwayar furojestaron guda, wadda ke sa jin barci, abin da ya zame mini alheri. Azumi bai hana komai ba, tunda ɗaya a fata yake, ɗayan kuma bayan isha'i. Makonnin farko mamana ya yi tsami, kaina ya riƙa ɗan sarawa, na kuma ga ɗigon jini. Likita ta riga ta gaya mini hakan kan faru a watannin farko, in ya wuce wata 6 ko ya yi yawa in dawo a duba mahaifa. Na sake komawa wurin malama kan sallah. Ta ce a mazhabarmu ta Malikiyya jinin da mace ta gani tsakanin shekara 50 da 70 ana tambayar masu sani a kansa, tunda kuma likita ta tabbatar magani ne ya jawo shi, in ɗauke shi jinin ciwo in yi sallata. Kafin wata na huɗu ya ɗauke.

Zufar dare ce ta fara ja da baya, cikin 'yan makonni. Ranar da na fara kwana ban farka ba sai da ladan ya kira sallah, na yi sujadar godiya. Da barci ya dawo, fushin da mantuwar suka ragu da kansu. Ciwon gwiwa bai tafi duka ba. Bushewar gaba ma ba ta warware ba sai da likita ta ƙara mini wani kirim na istirojin mai rauni da ake sawa a wurin, kullum a makonnin farko, daga baya sau biyu a mako. Kaɗan ne ƙwarai daga cikinsa ke shiga jini, shi ya sa mata da yawa da ba za su iya amfani da babban maganin ba suna iya amfani da shi in likita ta amince. Da shi fitsari mai zafin nan da na sha wa maganin sanyi iri-iri ya yi sauƙi. Da za a tambaye ni abu guda da ya kamata kowace mace mai shekaruna ta san akwai shi, wannan kirim ɗin zan ambata.

Wahalar da ta rage ita ce samu da tsada. Man daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala, ba kowane shagon magani ke ajiye shi ba. Akwai lokacin da ya yanke a kasuwa, na yi makonni babu, zufar ta dawo. Yanzu ba na bari ya ƙare kafin in nemi wani, kuma a babban shagon magani mai rajista nake saya don gudun jabu. Na san albashi ne ya ba ni wannan dama. Matar da ke sayar da ƙosai a bakin layinmu, sa'ata ce, ita ma tana fama, kuma kuɗin mamogiram kaɗai ya fi ƙarfin jarinta. In aka ga mata sun yi dafifi wurin mai ƙulli, a tuna ita ce mai sauraronsu ba layi, da harshensu, a kuɗin da za su iya biya.

Hanyata ba ta kowa ba ce. Aminiyata an yi mata aikin sankarar mama, tana shan maganin da ke toshe istirojin, zafinta ya fi nawa tsanani, kuma homon ya haramta gare ta. Da na raka ta wurin likitar, aka ɗora ta a kan wata ƙwaya da asalinta ta ciwon damuwa ce, benlafaksin, wadda aka gano tana rage tasowar zafi. An kuma gargaɗe ta kan kwalaben itatuwa masu kwaikwayon homon, domin kalmar tsiro a jikin fakiti ba ta sa su zama lafiya gare ta ba. Wata ƙanwata kuwa zafinta kaɗan ne, tana barcinta, ba ta buƙaci komai ba sai sauya tufafi da abinci.

Ni ma ban bar na gida ba. Habbatus sauda tana nan a kan teburina, ina shanta da niyyar sunna. Zogale da miyar kuka da kindirmo da ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu sun ƙaru a girkina saboda ƙashi, wanda ya fi saurin zaizayewa a shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada. Ina shan hantsi a tsakar gida saboda bitamin D. Na rage yaji da shayi mai zafi da daddare, na lura suna tayar da zafin. Na bar hijabin roba mai santsi na koma na auduga. Bayan asuba ni da maƙwabtana biyu muna taka ƙafa mu zagaya unguwa, kuma na fara raguwa.

Duk shekara nake komawa a auna jini, a duba mama da mahaifa, mu sake auna ko in ci gaba. Likitar ta ce babu ranar da aka yanke wa kowa ta dainawa, ana dubawa ne shekara bayan shekara, kuma duk jinin da na gani yanzu in taho ba jira. Kirim ɗin mai yiwuwa in daɗe a kansa, domin bushewar ba ta wucewa da kanta yadda zafin ke wucewa. Man kuwa mun shirya in lokaci ya yi za mu rage shi a hankali mu ga yadda jiki zai karɓa. Na roƙe ta in za mu gwada, mu bari sai hunturu, ta rubuta hakan a fayil ɗina.